Sai oga ya gan ka a kujera ne za a ce kana aiki?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu riƙe mutane. Kwanan baya aka ba ni shugabancin wani sashe a kamfanin da nake aiki a Wuse 2, mutum tara ne a ƙarƙashina. Kusan duk aikinmu a kwamfuta ne da waya: haɗa rahoto, bibiyar masu hulɗa da mu, lissafin kuɗi. Yawancinsu daga Mararaba, Masaka, Kubwa da Suleja suke tahowa, kuma ina ganin yadda kuɗin mota yake cinye su. Sai na kai wa babban manajanmu shawara a bari su riƙa aiki daga gida kwana biyu a mako, matuƙar abin da aka ba su zai fito a kan lokaci. Bai ma bari na ƙarasa ba. Ya ce shugaban da ba ya ganin yaransa a gabansa ba shugaba ba ne, kuma in na sakar musu yanzu, gobe ko kira na yi ba za su ɗaga ba. Mutumin ba mugu ba ne, ya girme ni nesa, kuma shi ya kawo ni wurin. To ina tambaya: shi riƙon mutane a wurin aiki dole sai da ido? Ko dai ɗoki ne irin na sabon shiga yake ɗibata?

Dan_Kubwa:
Tab. Malam Abu Hanan, jiya aka ba ka kujera, yau har ka fara neman a ƙwace ta? Bar su su zo. Mu ma haka muke zuwa kullum, ba mu mutu ba.

Maman_Ilham:
Ɗan Kubwa, ba ku mutu ba, amma faɗi tsakaninka da Allah ƙarfe nawa kake fara aiki. Ni a Masaka nake, ofishinmu yana tsakiyar gari. Ina sallame sallar asuba nake fita, yara ko motsi ba su yi ba, abincinsu tun dare nake zuba shi a kula. In shida ta yi ban wuce Mararaba ba, to an gama, sai wajen tara zan ga shataletalen AYA da ke bakin shiga gari. In na ci sa'a na isa da wuri, na sa hannu a rajista, sai na yi kusan awa guda a zaune kafin kaina ya dawo daidai. Ƙarfe uku kuma hankalin kowa ya koma titi, ana tunanin yadda za a tsallake Nyanya kafin a cushe, da yadda za a kauce wa motar 'yan fashin nan masu ɗaukar fasinja.

Kuma ku yi lissafi. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, a Oktoban 2024 ta haura dubu. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Fetur ya ninka sau biyar, albashi ya ninka sau biyu da 'yan kai. Wa zai cike wannan giɓin? Maganar gaskiya, a ofisoshi da dama mutane sun riga sun raba kwanaki a tsakaninsu a ɓoye, ke ki zo yau ni in zo gobe, oga ya sani ya kau da kai. Abin da kake so ka yi, Malam, fito da shi fili ne kawai.

Baba_Ritaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana Abu Hanan, Allah ya taya ka riƙo. Na cika shekarun aikina a gwamnatin tarayya, tun muna Legas har aka kwaso mu zuwa nan bayan 1991. Bari in ba ka labarin rajista.

A wani sashe da na riƙe, akwai babban littafi mai baƙin bango a kan teburin bakin ƙofa. Takwas da rabi masinja zai kawo mini shi in ja jan layi, duk wanda ya sa hannu a ƙasan layin ya makara. Akwai wani akawu da bai taɓa faɗowa ƙasan layin nan ba. Biro uku yake yawo da su a aljihu, shuɗi biyu baƙi ɗaya, saboda yana sa wa abokansa hannu. Yana gamawa zai rataye kwat ɗinsa a bayan kujera, ya buɗe fayil a kan tebur, ya ɗora tabarau a kai, ya fice. Duk wanda ya leƙo zai ce ya zaga ne. Sai azahar za ka gan shi. A ɗaya gefen kuma akwai wata baiwar Allah mai goyo da kusan kullum a ƙasan layi take, amma duk takardar da za ta hau wurin babban sakatare ita ke rubuta ta. Ƙarshen shekara aka kawo fom ɗin auna ƙwazo, wanda muke kira APER, kowa ya samu maki mai kyau, shi da ita babu bambanci, don babu ogan da yake so a ce shi ya tare wa wani ƙarin girma.

Kuma maganar nan ba sabuwa ba ce. Kwamitin Udoji na gyaran aikin gwamnati da ya miƙa rahotonsa a 1974 ya ce a koma auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa. Abin da mutane suka riƙe daga Udoji shi ne ƙarin albashi da ariyas, aka sayi babura da rediyo, sauran rahoton ya sha ƙura. Sai ga 1975, gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata sama da dubu goma nan take. Daga nan ma'aikaci ya koyi cewa abin da zai tsare shi biyu ne: a gan shi, kuma kada ya yanke hukuncin da za a ce shi ya yanke. Manajanka a cikin wannan tarbiyya ya tashi, ko da bai taɓa aikin gwamnati ba.

Amma kada ka ɗauka na goyi bayanka ɗari bisa ɗari. Ni rubuta takardar ofis a gefen teburin wani dattijo na koya, yana bin abin da na rubuta da biro ina kallo. Yaron da ka ɗauka bana, in yana ɗakinsa a Suleja, wa zai ja masa biron?

Zulai_Manhaja:
Baba, Allah ya ƙara girma, ai gyaran yana nan, cikin kwamfuta ya koma. Ni a Lugbe nake, kamfanin da nake rubuta wa manhaja a Turai yake, ban taɓa ganin shugabata ido da ido ba. Duk abin da na rubuta sai wani ya duba ya yi gyara a gefe kafin a karɓa, kuma gyaran yana nan a rubuce, sabon zuwa ma zai iya komawa ya karanta. Ranar Litinin ake zama na minti talatin, a ce ga abin da ke hannun kowa, ga ranar da ake so. Babu mai tambayata ƙarfe nawa na tashi. Amma in ranar ta zo babu aiki, babu wani "ai kun gan ni a ofis" da zai cece ni. Wallahi ya fi rajista tsanani.

Abin da na lura shi ne, nauyin a kan shugaba yake komawa. Dole ya zauna ya san me yake so, ya faɗe shi ƙarara, ya kuma iya gane aiki mai kyau in ya gan shi. Ogogi da yawa ba su iya wannan ba, shi ya sa suka riƙe kujera da agogo gam, su suka fi sauƙin ƙirgawa.

Sai dai Malam Abu Hanan, kada ka ɗauka gida kyauta ne. Sai da na haɗa sola da batir, kuma layin data biyu nake riƙewa don in ɗaya ya ɗauke. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, mai wuta yana kuka da kuɗinta, wanda ba ya rukunin yana kuka da rashinta. In kamfani bai ba su komai ba, ka sauke musu kuɗin mota ne ka ɗora musu na janareto.

Dan_Kubwa:
Hajiya Zulai, ke da ake biya da kuɗin Turai ai ba sa'armu ba ce. Ki ba ma'aikacin nan kwana biyu a gida ki sha kallo. Ranar farko Bolt zai fita ɗaukar fasinja, ta biyu kuma ɗaurin aure a Keffi.

Maman_Ilham:
Ai yanzu ma yana fita Bolt ɗin, daga ofis, bayan ya sa hannu. Koma sama ka karanta labarin mai biro uku.

Alhaji_Deidei:
Ni ba ɗan boko ba ne, siminti da rodi nake sayarwa, kuma ba a loda tirela daga gida. Amma bari in faɗi abin da na gani. Cikin yarana akwai wanda ba ya zaman shago, kullum yana kan waya, sauran suna ta kawo ƙararsa. Da muka zauna lissafin ƙarshen wata, sai ga cinikin da ya kawo ta WhatsApp ya fi na biyun da suke wuni a benci suna jiran mai saye. Hoton kaya yake ɗauka ya tura wa 'yan kwangila, su turo kuɗi ta banki, a kai musu har wurin gini a Gwarinpa ko Karsana, ba su tako kasuwa ba. Na ce a bar shi da wayarsa.

Sai dai ku 'yan ofis kuna ta maganar ido da kujera, kun bar babban abin. Mu a kasuwa yaro yana yi maka biyayya ne don ya san akwai ranar da za ka sallame shi, ka ba shi jari ya buɗe nasa. Ya ga ka yi wa na gabansa. Ku me yaranku suke hange a hannunku? In babu abin da yake jira, ko a gabanka ka dasa shi daga safe zuwa dare, zuciyarsa tana wani wuri.

Lauyan_Talaka:
Alhaji ya taɓo inda yake ciwo. Da yawa cikin masu ɗaura taye a garin nan ba ma'aikatan kamfanin da suke zaune a ciki ba ne. Wani kamfanin ne ya kawo su a kwantiragi, ana sabunta musu duk shekara, ba ƙarin girma, ba tabbas. Irin wannan kake so ya ba ka ransa?

Ta fuskar doka kuwa, dokar ƙwadagon da muke amfani da ita tun 1971 take, an rubuta ta ne ana tunanin lebura da akawu, ba ta san wani aiki daga gida ba. Amma sashe na 7 ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da sharuɗɗan aikinsa. Shawarata, Malam Abu Hanan, in manajanka ya amince kada ku bar shi a fatar baki. A rubuta waɗanne ranaku ne, daga ƙarfe nawa zuwa nawa za a same shi a waya, wa zai biya data, kwamfutar waye. Na ƙarshen nan ba wasa ba ne. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, in bayanan masu hulɗa da ku suka fita ta kwamfutar da ƙanen ma'aikacinka yake kallon ƙwallo da ita, kamfanin za a kama. Abin da aka yi da baki, ranar da aka ɓata sai ya koma "ba ya zuwa aiki", kuma kai za a fara nuna wa yatsa.

Yar_Hidima:
Iyayena da yayyena, a yi mini afuwa in sa baki. Ina hidimar ƙasa a wata ma'aikata a nan. Kullum kafin takwas ina wurin, kuma babban aikina shi ne sayo wa oga abinci da kai fayil hawa na huɗu in lifta ta lalace. Ƙididdiga na karanta. Rannan na ga mutum uku tun safe suna haɗa wani jadawali da hannu da kalkuleta, na ce a ba ni in yi shi a Excel. Wata anti ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yaushe kika zo?" Shi ke nan na ja bakina. Ana cewa yaran yanzu ba mu da ladabi. Muna gaisuwa, muna rusunawa, amma da ka ce "me ya sa ake yin sa haka" an sa maka suna mai rawar kai. Abokan karatuna da suka iya wani abu duk hankalinsu ya yi waje ko aikin intanet, kuma ba kuɗi kaɗai ne ya kore su ba.

Hajiya_Garki:
'Yata, ki yi haƙuri, amma ki ji ta ɗaya ɓangaren. Antin nan ta yi shekaru tana haɗa jadawalin, da shi aka san ta. Kin zo a gaban mutane kin ce za ki gama shi yanzu-yanzu. Me kika mayar da ita? Da kin same ta ita kaɗai kin ce Anti koya mini yadda ake yi, sannan a hankali ki nuna mata naki, da yanzu ita ke yabonki wurin darakta. Wannan ba munafunci ba ne, iya zama da mutane ne, kuma duk wanda zai riƙe jama'a a ƙasar nan sai ya iya shi. Laifin da nake gani na shugaban sashenku ne, da ya bar mai digirin ƙididdiga tana sayo shinkafa.

Sista_Nas:
Mu dai ba a yin allura ta waya, don haka ba mu cikin rabon. Amma ina jan kunnen masu murna. Maigidana ya samu irin wannan sassaucin, tun daga nan aikin ya daina tashi. Sha ɗayan dare saƙo yana shigowa a gurup, "wa ya gani bai amsa ba?" Ranar Asabar muna gidan suna ya koma mota yana taro ta waya. A Faransa na ji an hana oga tura saƙo bayan an tashi, mu nan ko ranar Sallah ba ka tsira ba.

Lauyan_Talaka:
Sista, ba hanawa aka yi kai tsaye ba. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu su tsara lokacin da mutum yake da 'yancin ajiye waya. Shi ya sa na ce a rubuta awanni.

Dan_Kawo:
Ba sai mun je Faransa ba. Kaduna ta koma kwana huɗu a ofis tun 1 ga Disambar 2021, zamanin El-Rufai, Juma'a a yi daga gida. Bayan cire tallafin mai, Edo da Kwara suka sanar da kwana uku a Yunin 2023. Ina Kaduna lokacin kafin in dawo Abuja, kuma in ka tambaye ni ko aiki ya ragu ko ya ƙaru, zan ce a inda nake ban ga wanda ya tsaya ba, ban kuma ga wanda ya ƙaru ba, don tun farko babu mai aunawa. Abin da na tabbatar shi ne an huta da kuɗin motar kwana ɗaya, masu gona sun samu zuwa gona. Wanda yake neman sa hannun wani ranar Juma'a kuwa sai ya haƙura zuwa Litinin.

Zulai_Manhaja:
Inda aka auna an ga amfani. A Birtaniya kamfanoni 61 suka gwada kwana huɗu na wata shida a 2022 ba tare da rage albashi ba, 56 daga ciki suka ci gaba bayan gwajin.

Dan_Kubwa:
To Amazon fa? Su da suke sayar wa duniya kayan aikin intanet ɗin, sun ce kowa ya dawo ofis kwana biyar daga Janairun 2025. Ko su ma a Legas aka yi musu tarbiyyar rajista, Baba?

Hajiya_Garki:
Ɗan Kubwa ba ka rabo da tsokana. Ni abin da zan ƙara shi ne, mun taɓa gwadawa a nan ba shiri. A Maris ɗin 2020 da korona ta shigo aka ce 'yan mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida. Aikin kuwa yana cikin fayil, fayil yana cikin kabad, makullin yana hannun wanda ke Zuba. Zaman gida aka yi, ba aiki daga gida ba. Yanzu ana ƙoƙari, an kawo sabon tsarin auna ƙwazo a madadin APER ɗin da Baba ya ambata, inda kai da shugabanka za ku sa hannu a kan abin da za ka cim ma a shekara, kuma Didi Walson-Jack, a matsayinta na shugabar ma'aikatan tarayya, ta sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin rabuwa da takarda. Amma na ga ogan da ake buga wa saƙon imel a takarda, ya yi sharhi da biro, a sake ɗaukar hotonta a mayar cikin kwamfuta. Na'ura ta shigo, hali bai fita ba.

Dan_Terminus:
Gaisuwa daga Jos. Mu dokar hana fita ta koya mana aiki ta waya tun kafin korona, don in an rufe gari ba ka da zaɓi. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Wa ya koya wa Abu Hanan riƙon mutane kafin a ba shi tara? Ga cibiyar horar da manyan shugabanni ta Kuru nan kusa da mu tun 1979, amma sai mutum ya kai ƙololuwa, furfura ta fito, ake tura shi can. Wanda aka ɗora a kan mutane karon farko, saboda ya fi kowa iya lissafi ko rubutu, babu mai ce masa ga yadda ake raba aiki, ga yadda ake yi wa wanda ya girme ka gyara. Sai ya kwaikwayi ogan da ya gani.

Ga kuma sabon abu. Rahoton da yake cin kwana biyu, yanzu yaro zai sa ChatGPT ya zubo shi kafin shayi ya huce. In oga ba ya karantawa, shafuka kawai yake ƙirgawa, ba zai gane ko lambobin ciki na ƙarya ba ne. A ofis aka yi ko a gida, duk ɗaya.

Mai_Unguwa:
Jama'a mun yi nisa, daga Wuse 2 har mun kai Faransa da Kuru. Mai tambaya yana jira. A dawo kan maganarsa don Allah.

Abu_Hanan:
Na gode ƙwarai, ina bin komai. Lauya, na kwafe abin da ka lissafa. Hajiya Zulai, maganar data ta shiga cikin takardar da zan sake kai wa manaja. Amma ga inda nake tsaye. Cikin taran nan, bakwai ko a ina suke na san za su kawo aiki. Biyu kuwa ko a gabana sai na yi ta bi, ɗayansu ma ya girme ni kuma ya riga ni zuwa kamfanin. In na ba bakwai na hana biyu, an ce na yi son kai. In na ba kowa, waɗannan biyun za su ba manaja hujjar da yake nema. Sannan akwai direbanmu da yarinyar da take karɓar baƙi, su ne masu ƙaramin albashi, su suka fi nisan gida, kuma su ne aikinsu ba ya yiwuwa daga gida. Da wane ido zan dube su ranar da saura ba su zo ba?

Baba_Ritaya:
Yanzu ka zo wurin. Biyun nan matsalarka ce tun kafin maganar gida ta taso, zaman ofis rufe ta kawai yake yi. Ka kira kowannensu shi kaɗai, babban ka ba shi girmansa, ka ce ga abin da nake so ranar kaza, ka rubuta, ya gani. Sharaɗin ya zama ɗaya ga kowa: wanda aikinsa ya fito yana da kwanakinsa, wanda bai fito ba ya dawo kujera. Ba kai ka ware shi ba ke nan. Shi kuma manajanka kada ka je masa da gardama, ka roƙe shi gwajin wata uku, ka bar shi ya zama shi ya ba da izini. Batun raini kuwa, ka tuna masa cikin raha, ai cewa aka yi ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Na direba da mai karɓar baƙi, wannan kuɗi ne maganinsa, a ƙara musu na mota.

Alhaji_Deidei:
Baba ya gama magana a kan direba. Wanda ya fi kowa shan rana shi ake fara dubawa.

Dan_Kubwa:
Kamfanin da yake ƙirga kujeru ne zai ƙara wa direba kuɗin mota? Allah ya sa. Ni dai ina nan, wata uku ba nisa, a dawo a ba mu labari.

Sista_Nas:
Kuma in an fara, kai ma ka riƙe hannunka da dare, Malam. Kada ka zama mai "wa ya gani bai amsa ba".

Hajiya_Garki:
Ƙanena, ƙaramar dabara: kada ka ambaci Litinin ko Juma'a. Da ya ji zai ce dogon hutun ƙarshen mako kake nema musu. Ka ce Talata da Alhamis.

Maman_Ilham:
Haba Hajiya, Litinin ce fa ranar da hanyar Nyanya ta fi muni. In ba za a ɗauke wa mutum Litinin ba, me aka ɗauke masa?